Kayan Wani a Ɗakin Babana

Talata, 3 ga Yuni, da hantsi

Mun iso Launceston, ni da Baba. Gidan hayar ba komai a cikinsa sai katifun iska biyu da butar shayi da muka taho da su a mota. Baba yana zaune a kan akwati ya rungume hularsa, yana kallon bango. Sanyin garin nan ba irin na Adelaide ba ne, wannan ta tafin ƙafa yake shiga mutum.

Tun a bakin jirgin ruwa aka fara yi mini maraba. Muna fitowa da mota sai wani kare mai dogayen kunnuwa ya shinshina bayanta ya zauna, ma'aikaciyar ta ce in buɗe. Lemon tsamin bishiyarmu ne, wanda na tsinko ranar da na rufe gidan. Ta kwashe shi tas ta zuba a kwandon shara, tana murmushi tana ce mini ba a shigowa Tasmania da ɗanyen abu. Na san da dokar, ni ce dai na ɗauka 'yan lemon da ba su cika leda ba ba za su kashe musu tsibiri ba. Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Bar mata, Gilli, akwai wasu a gida."

Kowa Glenys yake ce mini, shi kaɗai ke cewa Gilli, tun ina ƙarama. A cikin shekarar nan ya manta sunan layinmu, ya manta yadda ake ɗaure igiyar takalmi, wata rana ma ya manta Mama ta rasu. Amma Gilli bai taɓa ɓace masa ba. Likitarsa ta ja mini kunne kafin mu taso, ta ce mutum irinsa kayansa ne ke riƙe da shi. Ta ce ranar da muka isa, a ranar, in shirya masa ɗaki yadda na can yake: koriyar kujerarsa a gefen taga, rediyonsa a hannun dama, kabad ɗin Mama a inda zai buɗe ido ya gan shi. In ya daɗe a wurin da bai san komai ba, zai iya sakin ɗan abin da ya rage masa, kuma wanda ya saki ba a cika samo shi ba.

To ga mu a ranar, kaya kuma babu. A cike gurbi na ba da su, wato a saka namu a motar da ta riga ta ɗauko na wasu in akwai wuri. Kusan kowa haka yake yi in zai ƙetare jiha. Abin da ba sa faɗa maka da ƙarfi shi ne ba su da tsayayyar rana. Matar da ke ɗaukar waya a kamfanin ta ce cikin makon nan, in teku ta bari.

Laraba, 4 ga Yuni, da la'asar

Ashe sai ka kira kamfanin wuta tun kafin ka taso. Ba wanda ya gaya mini, dillalin da ya miƙo mini makulli ma bakinsa bai motsa ba. Jiya da fitilar waya muka ci burodi da waken gwangwani. Sai yau da rana aka haɗa.

Maƙwabciyarmu ta shigo, Raelene, wata doguwar tsohuwa mai muryar maza. Ta kawo miyar kabewa a tukunya, ta tsaya a tsakar falo tana ƙare mana kallo.

"Ku ne 'yan tsallaken?"

Na ce mu ne.

"Ai na gani. Wa ya sayar miki da itacen can na waje?"

Na ce wani mai a-kori-kura.

"Ɗanye ne, 'yar nan. Yana ganin lambar motarki ya san ya samu nama. Ki canja lambar nan da wuri, in ba haka ba har karnukan unguwa sai sun cuce ki."

Ta ce ranar Lahadi da yamma ake fitar da shara, kuma wanda ya rikita kwandon shara mai jan murfi da mai murfi ruwan ɗorawa, duk layi sai sun ji labarinsa. Ta ce in je in sa sunan Baba wurin likita tun yau, don a garin nan sai mutum ya warke ko ya mutu kafin layi ya zo kansa.

Baba ya miƙe ya cire mata hula. Ya ce, "Lindsay. Wannan 'yata ce, Gilli, ita ce shugabar gidan." Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Alhamis, 5 ga Yuni, da azahar

Babu mota. Matar kamfanin ta ce suna dubawa.

Asabar, 7 ga Yuni, da safe

Murray ya kira, ƙanena. Bai ma gama gaisuwa ba ya ce, "Yaya, kin ɗauki mutumin da bai san yau wace rana ba kin ƙetara teku da shi. Da kin bar shi a gidan tsofaffin da na samo." Na ce masa tun da ciwon Baba ya tsananta a watan Maris, sau nawa ya zo ya kwana da shi? A nan na samu aiki, ɗakin gwajin jini, safe zuwa azahar daga wata mai zuwa, in dawo in ba shi abinci da hannuna. Wa zai ba ni wannan a Adelaide? Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan zo ina nadama.

Agogon Baba yana nan a lokacin Adelaide, rabin awa baya. Na so in gyara masa, ya janye hannunsa ya ce, "Kada ki taɓa, Gilli, mutanen nan ne ke gaggawa." Har yanzu yana bin bango da tafin hannu yana neman makunnin fitila a inda na gidanmu yake. Ba ya ci sosai. Ni kuma tsoro nake ji, gara in faɗa ko a nan.

Talata, 10 ga Yuni, bayan la'asar

Bari in rubuta a jere.

Da safe na roƙi Raelene ta zauna da Baba, na tafi ofis canja lasisi da lambar mota. Sun ce sai na kawo shaidar ina zaune a nan, na dawo mota na ɗauko takardar haya, sun ce sai an duba lafiyar motar tukuna, na tafi gareji. Wayata kuma tana jaka, a kashe, don a ofishin an rubuta a kashe. Duk wanda zai ƙaura, in da zai ji tawa, kada ya bar gida ko nan da can sai motar kayansa ta zo ta tafi.

Na dawo na tarar an sauke kaya, mota ta daɗe da tafiya. Raelene tana bakin ƙofa tana murna, wai ta sa mini hannu a takarda, wai samarin ko gilashi ɗaya ba su fasa ba. Na shiga falo na tsaya. Doguwar kujera mai furanni, teburin cin abinci mai zagaye, hoton wani tafki a jikin bango. Ban taɓa ganin ko ɗaya a cikinsu ba.

Na ce, "Raelene, waɗannan ba kayanmu ba ne."

Ta ce, "Kamar yaya? Ai babanki ne ya nuna musu inda za su ajiye komai."

Yana cikin ɗakinsa, zaune a wata kujerar fata mai ruwan ƙasa da ta lotsa a tsakiya, ya miƙe ƙafafu, ya ɗora hannuwa a daidai inda fatar ta goge. Tun da muka bar Adelaide ban ga fuskarsa a sake haka ba. Na ce, "Baba, wannan kujerar wani ce." Ya ce, "To ya zo ya ɗaga ni." Ya yi dariya.

Na kira direban, Darren sunansa. Ya ce, "Madam, koriyar takarda ce a jikin kayanki, ko ba haka ba? To koraye muka sauke." Na ce ka zo ka duba ko ni ce Athol, don abin da aka rubuta a jikin kwalayen ke nan, ɗakin Athol, kayan sanyin Athol. Sai ya ce, "Kai. To wallahi tsohon bai ba mu wata alama ba. Tun daga bakin mota yake ce mana wannan falo, wannan ɗakin baya. Har gargaɗinmu ya yi kan ƙafar teburin, wai ta hagu tana cirewa. Muka ɗaga kuwa ta cire." Na ce masa abubuwan da ba zan rubuta ba.

Laraba, 11 ga Yuni, da hantsi

An gano. Kaya biyu ne masu koriyar takarda a mota ɗaya, namu da na wasu tsofaffi mata da miji daga Geelong, 'yan asalin nan da ke komowa gida. Bayan an loda, mijin, Athol ɗin, ya rasu. Matar ta kira ta ce a riƙe nasu a rumbun ajiya sai ta samu kanta. Sai aka riƙe namu, aka hayo jirgi da nasu. Yanzu namu suna can tsallake, sai an sake samun gurbi. Na ce yaushe? Ta ce suna dubawa. Ta ce don Allah kada mu buɗe komai.

Baba ya riga ya buɗe kwali uku kafin in tashi.

Juma'a, 13 ga Yuni, da yamma

Ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari. Ya kamata in yi murna.

Akwai wani kabad a cikin kayan, aljihunsa na ƙasa ya ƙi buɗuwa. Jiya na ja har farcena ya karye, don ina neman inda zan zuba safarsa. Yau ya zo wucewa, ya sa gwiwa ya danna gefen hagu, ya ɗaga hannun aljihun sama kaɗan, ya fito salin alin. Bai ko kalle shi ba. Na ce, "Baba, wa ya nuna maka?" Ya ce, "Ai tun da can haka yake."

Ya sa sukari a shayi, cokali biyu. Mutumin da ya shekara arba'in yana gasa burodi da kek bai taɓa yarda sukari ya shiga kofinsa ba.

Lahadi, 15 ga Yuni, da yamma

Na fitar da shara daidai. Na samu busasshen itace wurin ɗan'uwan Raelene. Hazo ya rufe kwarin nan tun safe, hayaƙin gidaje ya kwanta a kansa bai tashi ba.

Jiya bai ce Gilli ba. Wataƙila ban ji ba ne.

Litinin, 16 ga Yuni, da la'asar

Ya samo wani ƙaramin akwatin katako mai aljihuna da yawa. A ciki akwai ƙugiyoyin kamun kifi ƙanana, da zare kala-kala, da gashin zakara, da gashin zomo, da wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin teburi ya matse ƙugiya. Na shigo da wanki na tarar ya kafa ƙarfen yana naɗa zare. Na tsaya a bayansa ban yi motsi ba. Hannun nan da ba ya iya sa maɓallin riga, wanda nake riƙe wa kofi, shi ne yake juya zare siriri kamar gashin kai ba ko karkarwa. Da ya gama sai ga ɗan ƙwaron ƙarya na yaudarar kifi a kan ƙugiyar, da fukafukai da jela. Yana yi yana fito a hankali ta tsakanin haƙora. Babana ba ya fito, yakan ce aikin marasa aikin yi ne.

Kifi ko warinsa ba ya so. Jirgin da muka hau ma da amai ya ƙetare.

Na kira Raelene ta gani, don marigayi mijinta masunci ne. Ta ɗauki ƙwaron ta kai kusa da ido, ta juya shi. Ta ce, "Lindsay, ashe kai ma ɗan tafki ne, kake ɓoye mana?" Ya ce, "Wannan na farkon bazara ne, in iska ta kwanta." Ta yi dariya, amma da muka fito tsakar gida ta daina. Ta ce, "Nawa mijin ya fi shekara goma yana koyo, nasa ba su taɓa yin kyan wannan ba." Na ce wataƙila ya gani a talabijin. Ta ce, "Wataƙila." Ba ta tsaya shan shayi ba.

Talata, 17 ga Yuni, da safe

Agogonsa yana daidai da na garin. Ba ni na gyara ba.

Alhamis, 19 ga Yuni, da yamma

Jiya na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Yana wanka na ja kujerar fatar da akwatin katakon da hoton tafkin na kai garejin gida, na kulle, na sa makullin a aljihuna. Ya fito ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Bai tambaye ni ba. Ya wuce kai tsaye zuwa ƙofar garejin, da silifas, ya tsaya yana fuskantarta. Ciyawa duk ta yi fari da ƙanƙara. Na ce ya shigo, bai juyo ba. Na kawo masa bargo, ya bar shi ya zame ƙasa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce masa, "Kai Lindsay ne, mai gidan burodi, matarka Valmai, 'ya'yanka biyu, ba ka da komai a cikin ɗakin nan." Na ɗaga murya har labulen gidan da ke kallonmu ya motsa.

Ya juyo ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, ko kin san wanda ke riƙe da makullin nan?"

Leɓɓansa sun fara yin shuɗi. Na buɗe.

Juma'a, 20 ga Yuni, da azahar

Bai ce ba.

Asabar, 21 ga Yuni, da hantsi

Bai ce Gilli ba. Ya sa maɓallan rigarsa da kansa, har na wuya.

Litinin, 23 ga Yuni, da la'asar

Mun samu ganin likita, wani ya fasa zuwa aka ba mu wurinsa. Takardun Baba ba su iso daga Adelaide ba, ashe su ma sai ka cika wata takarda kafin a turo, sai na zauna na ba da labari daga farko. Likitan yaro ne mai kirki. Ya ce ciwon haka yake, mutum yakan kama abin da ya tarar a gabansa ya mayar nasa, hannu kuma yakan tuna abin da kai ya manta. Na ce hannun nan bai taɓa sani ba balle ya tuna. Ya ce ba mu san duk abin da iyayenmu suka yi kafin a haife mu ba. Ya auna shi, ya ce ya ƙara nauyi, jininsa lafiya lau, duk abin da nake yi in ci gaba.

Ya tambaye shi, "Wace ce wannan da ta kawo ka?" Baba ya ce, "Mai gidan da nake zaune. Tana da ƙoƙari."

A mota na kasa tayar da inji, na daɗe a zaune. Shi kuwa yana nuna mini hanyar da ta fi kusa zuwa gida, kuma ita ce ta fi kusa.

Laraba, 25 ga Yuni, da yamma

Matar Athol ta kira da safe, Merle sunanta. Kamfanin ne ya ba ta lambata. Ta hayo jirgi, tana wurin ƙanwarta a Longford, an ƙona gawarsa, za su kai tokar tafkin da yake zuwa. Ta ce ko za ta iya zuwa ta ɗauki rigar ruwansa kawai. Na ce ta zo. A gaban Baba na amsa wayar, na kuma ambaci sunanta, wannan na tabbata. Ina so in riƙe wannan.

Ta zo bayan azahar, 'yar ƙaramar tsohuwa da shuɗin kwat, ta riƙe jaka da hannu biyu. Ƙanwar ta zauna a mota. Tana shiga falo ta tsaya, ta dubi doguwar kujera, ta dubi teburin, ta dubi hoton da na mayar bango. Ta ce, "Wa ya jera su haka?" Na ce babana. Ta ce, "Haka suke a gidanmu na farko, kafin mu ƙaura Geelong." Ta faɗa a hankali, ba ta kalle ni ba.

Baba yana ɗaki a kan teburi, ya ba ƙofa baya, yana naɗa zare. Na ce, "Baba, ka yi baƙuwa." Bai juyo ba. Ya ce, "Kin daɗe, Merle. Kin zo mini da tabarau? Waɗannan ba sa nuna mini zare."

Nasa tabarau suna kan hancinsa.

Ta ƙanƙame jakar, ta juya ta fita, ko rigar ba ta ɗauka ba. Na bi ta har bakin shinge. A can ta buɗe jakar ta nuna mini gidan tabarau, baƙi, bakinsa ya ci. Ta ce, "A leda suka ba ni a asibiti. Na kasa ajiye su."

Na ce, "Kowane tsoho yana neman tabarau."

Ta ce, "Haka ne."

Sai ta miƙo mini. Wallahi ji na yi kamar ta miƙo mini garwashi. Na ce, "Ki mayar jakarki. Ba mijinki ba ne, babana ne." Ta ce, "Na sani, 'yar nan, na sani." Amma ba ni take kallo ba, tagar ɗakinsa take kallo. Yana tsaye a wurin, ya ɗaga mata hannu, yatsu biyu kawai. Ƙanwar ce ta fito ta kama ta ta sa a mota.

Alhamis, 26 ga Yuni, da safe

Ban kira Murray ba. Me zan ce masa?

Asabar, 28 ga Yuni, da azahar

Kamfanin ya kira, an samu gurbi, kayanmu sun hau jirgi, ranar Talata za su kawo su kwashe waɗannan. Ina ajiye waya sai ga Merle. Ta ce ta yi tunani, ba ta da inda za ta kai kayan, ɗakin ƙanwarta ƙarami ne. Ta ce in bar masa kujerar da akwatin, duk ma in ina so, ita ba ta buƙatar komai. Ta ce in ba damuwa takan iya zuwa wani lokaci ta zauna da shi in na fara aiki.

Na je na gaya wa Raelene. Ta daɗe tana goge teburinta, sannan ta ce, "Ni dai abin da na gani zan faɗa. Ranar da kuka zo, mutumin nan kamar an tsamo shi daga ruwa yake. Yanzu yana ci, yana barci, jiya har tsokanata ya yi ta kan shinge, wai miyata ba gishiri. Kina so ki ƙwace masa wannan?"

Na ce, "Wa ke ci? Wa ke barci?"

Ta ce, "Wannan kuma ban sani ba."

Na dawo na kira Merle na ce a kwashe duka, har ƙugiyar ƙarshe. Na san abin da nake yi. Ko bai ci ba, ko ya koma bin bango, ni babana nake so, wanda zai kira sunana ko sau ɗaya ne a rana. In son kai ne, to son kai ne.

Litinin, 30 ga Yuni, da la'asar

Ya wuni yana jera ƙwarin da ya ɗaura a cikin wani gwangwani. Ban gaya masa maganar gobe ba. Da na kawo masa shayi ya ce, "Gobe za a zo, ko?"

Talata, 1 ga Yuli, da yamma

Sun zo da hantsi, Darren da wani. Wannan karon ina tsaye a bakin mota, duk kwalin da aka sauko da shi sai na karanta rubutun hannuna a jikinsa. Darren ya ce, "Madam, yau ko allura ba za ta wuce ki ba." Ban yi dariya ba.

Na shirya faɗa da Baba, na shirya kuka, har na ce wa Raelene ta tsaya kusa. Ba abin da ya yi. Shi ya rufe akwatin katakon ya miƙa musu, ya riƙe musu ƙofa da za su fita da kujerar fatar, ya tuna musu ƙafar teburi. Da motar ta tashi ya tsaya a bakin shinge har ta sha kwana.

Na shirya ɗakin yadda likitar ta ce, ban bar komai ba. Har ƙamshin gidanmu ya fito daga cikin barguna, na tsuguna na sa fuskata a ciki. Na kunna rediyo a hankali. Sannan na fita kiransa.

Yana zaune a kan dakalin bakin ƙofa, ya sa kwat da hula, ya ɗora 'yar jakarsa a kan gwiwa. Na ce ya zo ya ga wani abu. Ya biyo ni, ya cire hula a bakin ɗakin, bai shiga ba. Ya daɗe yana kallo, ni kuma shi nake kallo.

Ya ce, "Ɗaki ya yi kyau. An ga hannun mai kula. Na waye?"

Na ce, "Na babana ne."

Ya ce, "Ya yi sa'ar 'ya. Yana ina?"

Na ce, "Bai iso ba tukuna."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ki zauna kusa, kada ya zo ya tarar ba kowa. Ni ma yanzu za a zo a ɗauke ni, ba zan tare muku wuri ba. Na gode da ɗawainiya." Ya mayar da hularsa, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Allah ya kawo shi lafiya."

Na ce amin.